Hannun Mijina Da Ƙarar Da Na Janye

Edita, ina gaisuwa. Na daɗe ina karanta wannan shafi, yau dai na ce bari ni ma in faɗi nawa. Don Allah a sakaya sunana.

A farkon shekarun dubu biyu ni malama ce a wata ƙaramar makarantar firamare ta coci a Sabon Gari, muna haya a Samaru da mijina da 'ya'yanmu biyu. Mijina kafinta ne. Yawancin aikinsa na ɗaliban jami'a ne: teburin karatu, kantar littattafai, gyaran ƙofa. Mutum ne mara hayaniya, ran Lahadi shi ke buga ganga a ƙungiyar mawaƙan cocinmu. Ni kuwa a lokacin gani nake duk wanda 'yan sanda suka kama, to da abin da ya yi.

Wata rana da damina ya sa wa wani ɗalibi sabon kwaɗo a ƙofa. Washegari aka kwashe kayan ɗakin ba tare da an ɓalle ƙofar ba. Da rana tsaka 'yan sanda suka zo shago suka tafi da shi, sai da na dawo daga makaranta maƙwabta suka gaya min. Na yi ta zarya caji ofis ɗin, wanda ba zan faɗi ko wanne ba ne, amma aka hana ni ganinsa. In na kai abinci sai a karɓa a kanta a ce in tafi. Bayan 'yan kwanaki aka gano abokin ɗalibin ne ya yanko wani makulli, sai aka saki mijina. Ko sannu ba wanda ya ce masa.

Ya fito hannuwansa na lilo kamar ba nasa ba, wuyan hannun ya kumbura, igiya ta yanke fatar zagaye. Sai da muka isa gida ya iya gaya min cewa an ɗaure shi ta baya an rataye shi a wani ɗaki na can ciki, wani ɗan sanda mai farin kaya yana dukansa yana tambayar inda ya kai kayan. Bai san sunan mutumin ba, laƙabi kawai ya ji ana kiransa da shi. A nan na yi kuskuren farko. Na wanke rigarsa mai jini, na yi ta gasa masa hannun da ruwan zafi, sannan danginsa suka kai shi ƙauye wurin mai ɗori. Lokacin da muka je asibiti raunukan sun rufe. Likita ya ce jijiyoyin sun lalace, hannun dama ba zai ƙara riƙe guduma ba, kuma shi abin da ya gani da idonsa kawai zai iya shaidawa.

Wani lauya ɗan cocinmu ya taimake ni muka kai ƙorafi babban ofishin 'yan sanda. Na yi tsammanin daga can za a turo masu bincike. Ashe maganar mayar da ita aka yi ofishin da aka yi abin. Ranar da aka kira mu ba da bayani, muna shiga sai ga wani mutum zaune a benci yana ɓare gyaɗa, kusa da wanda zai saurare mu. Mijina yana ganinsa ya raɗa min cewa shi ne ya dake shi. Na roƙi a gaya min sunan mutumin, mai ɗaukar bayanin ya dube ni ya ce, "Madam, wannan maganar cikin gida ce." Daga baya aka ce mana an hukunta shi. Na tambaya wane hukunci, yaushe, wa ya yanke, aka ce ba a faɗa wa farar hula irin wannan.

Da na ƙi yin shiru sai motarsu ta fara tsayawa a ƙofar shagon. Ba sa cewa komai, su zauna su tafi. Ɗalibai suka daina zuwa, mai gidanmu ya fara maganar mu nemi wani wuri. Surukina ya taso daga ƙauye ya zaunar da ni, ya ce ɗansa ya dawo da rai, in gode wa Allah in bar masu bindiga. Dattawan coci ma suka yi min maganar gafara. Wanda ya karya min zuciya shi ne mijina da kansa, da ya ce shi dai yana so ya iya barci. Na je na janye ƙarar.

Muka sayar da kayan aikinsa, ya koma zama a ƙofar gida yana sayar da katin waya. Ni ke sa masa maɓallin riga. Ya daina zuwa ƙungiyar mawaƙa, in aka fara kiɗa a coci sai ya fita waje.

Bayan wasu shekaru wata dattijuwa Musulma daga Muciya ta neme ni har makaranta. Ɗanta ɗan acaɓa ne, an kama shi, aka ba ta gawarsa aka ce ciwo ne ya taso masa. Waɗanda aka tsare tare da shi suka faɗa mata ɗakin da aka kai shi, da laƙabin wanda ya shiga da shi. Laƙabin nan ne dai. Lauyanta ya bincika ya tarar ba a taɓa hukunta mutumin ba, ƙarin girma ma ya samu, domin a wajensu tunda ni mai ƙara na janye, ba abin da ya faru. Na kasa ɗaga kai. Ta ce, "'Yar nan, ban zo ganin laifinki ba. Hannun mijinki na zo gani, in san yadda aka yi wa nawa." Na kai ta gida. Mijina ya miƙa mata hannuwan, ta riƙe tana juya su tana kuka, shi ma yana kuka. Ya yarda zai ba da shaida, amma kafin a kai nan aka ce an sauya wa mutumin wurin aiki. Har yau ba a gaya mata inda aka kai shi ba.

Ba na cewa duk 'yan sanda haka suke. Amma na gane cewa hukuncin da aka ce an yi a ɗaki a rufe, aka hana ka sanin sunan mai laifi da abin da aka yi masa, ba a yi shi ba. Na kuma gane gafara tsakanina da Allah ce, ba ta hana a bi gaskiya. 'Yan'uwana, in aka sako muku naku da rauni, ku wuce asibiti a ranar, ku ɗauki hoto, kada ku wanke komai. Kada ku je ba da bayani ku kaɗai, kuma kada ku yarda wanda kuke ƙara ya zama shi ne mai bincike. In an matsa muku ku janye, ku tuna mutumin nan gobe zai koma aiki, kuma ɗan wani za a shigar masa.