Katin banki ya shigar da Inna zauren manya

Inna ta ja hannun rigata a ƙofar zauren manyan baƙi na filin jirgin Yamai, ta ce, "Malam Bukar, mu koma waje, kar a kore mu a gaban mutane."

Umra za ni kai ta. Tun da muka gudo daga bakin kogin Komadugu muka zauna a Assaga kusa da Diffa, tattasai nake saye ina kaiwa Damagaram, kuɗin duk ta banki suke bi. Bana daraktan bankin a Diffa ya kira ni ofis, ya ce cinikina ya kai matsayi, ya ba ni katin manyan 'yan kasuwa.

Na miƙa katin. Ma'aikaciyar ta duba, ta ce, "Bismillah, Hajiya."

Inna ta zauna a bakin kujera, aka kawo mata shayi, ta ƙi taɓawa.

"Wa ka sani a nan?"

"Ba kowa, Inna. Tattasai ne ya kawo mu."

Sai ta cire takalmi, ta miƙe ƙafa, ta ce a ƙaro sukari.

Wallahi ban taɓa jin daɗin sana'ata kamar ranar ba. Ku fa, ina taku ta taɓa shigar da ku?