Tsakuwa Uku a Rijiyar Ruga

Har gobe ba zan manta da wata Asabar a zango na biyu ba, lokacin ina koyar da fiziks a wata sakandaren jeka-ka-dawo a Gwaram. Ku da kuka kama aikin nan kwanan nan, ku saurara, don ni na jawo wa kaina ita.

A tsarinmu, 'yan aji biyar kan yi aikin gwaji rukuni-rukuni, su rubuta rahoto, a ƙarshensa kowa ya faɗi abin da ya koya. Na ba su aikin auna zurfin rijiya ba tare da igiya ba. A saki tsakuwa, a ƙirga daƙiƙun da za ta yi kafin ta taɓa ruwa, saura kuma lissafi ne. Ina ta jin daɗin dabarata, amma ban ce su nemi izinin kowa ba.

Wajen azahar shugaban makaranta ya kira ni a waya. "Malam Habu, an tsare yaranka uku a wata ruga bayan Zandam. An ce sun zuba guba a rijiya. Ka tafi yanzu, ni ina Birnin Kudu."

Nan take na fita. Yadda na tuƙa babur na kai can, Allah kaɗai ya sani.

Na tarar da Nura, Sadiya da Iliyasu zaune a ƙasa, jama'a sun zagaye su, wasu riƙe da sanduna. Ashe shanu biyu sun mutu a rugar cikin makon, ba a san dalili ba. Sai ga baƙin yara a bakin rijiya ɗaya tilo da ake shayar da shanun, suna jefa abu har sau uku, ɗaya na duba waya, ɗaya na rubutu. Ko ni ne sai na yi zargi.

Na gaida Arɗo, shugaban rugar, na shiga bayanin ƙarfin da ke jawo abu ƙasa. Ya bari na gama.

"Malam, ni ban yi boko ba. Ka ce tsakuwa ce kawai?"

"Wallahi ita ce, Baba."

"To, ka sha mu gani."

Aka zura guga. Na san yarana ba su zuba komai ba, amma ban san abin da ya kashe shanun ba. Idan ruwan ne fa? Idan kuma na ƙi sha, sandunan nan a kan yara za su sauka. Na yi bisimilla na kafa kai, har rigata ta jiƙe.

Suka ce in zauna zuwa la'asar. Ban taɓa sauraron cikina kamar ranar ba. Da ya ɗan yi ƙugi sai in kama kalmar shahada.

Muna zaune, Baba Sale, tsohon da ya haƙa rijiyar, ya tambayi Sadiya abin da suka samu.

"Daƙiƙa biyu, Baba. Wajen mita ashirin," ta ce, idonta cike da hawaye.

"Ni ban san mita ba."

Nura ya ware hannuwansa, ya yi lissafi, ya ce gaba goma sha ɗaya zuwa ruwa. Tsohon ya jawo igiyar guga ya auna gaba-gaba a idon kowa. Sha ɗaya ta fito, da ɗan ƙari.

"Da kun tambaye ni, da ni zan riƙa sakar muku tsakuwar," in ji shi. "Amma rijiyar mutane ko tsinke ba a jefa mata sai an yi sallama."

Bayan la'asar, ganin ban faɗi ba, Arɗo ya sallame mu. Daga baya malamin dabbobi ya ce cuta ce ke yawo a shanu.

Da rahotanni suka zo, a wurin abin da ta koya Sadiya ta rubuta: "Lissafinmu ya yi daidai, amma mun manta rijiyar da masu ita." Na ba ta cikakken maki. Ni kuwa da za a yi mini maki, sifiri zan ci. Tun daga ranar ban ƙara tura ɗan wani ko'ina ba sai na riga shi zuwa na gaida masu wurin.