Rigar da Barakatu Ta Ɗinka wa Shahon Nilu

Duk unguwar Mayo ta gefen Khartoum an san Barakatu mai keken ɗinki da abu biyu: hannunta ba ya karkace ɗinki, zuciyarta kuma ba ta mantuwa. In ka taka ta tana budurwa, ko ta tara jikoki sai ta tuna maka kalar takalmin da ka sa a ranar. Kakanta ya baro ƙasar Katsina a ƙafa da niyyar Makka, ya tsaya Sudan ya ɗan huta, to hutun nan ne zuriyarsa ke yi har yau. Abin da ya sa ake ba da labarinta kuwa ya faru ne kafin yaƙi ya watsa mutanen Khartoum.

Mijinta Almahdi ɗan aikin bulo ne a Aljirif, bakin kogi, inda ake jera ɗanyen bulo kamar ɗaki a hura masa wuta ta ƙasa, abin da suke kira kamina. Wata rana da hantsi ta kai masa abinci, sai ɗan mai kaminar, wani ƙaramin yaro Hamid, ya hau saman bulon da bai gama hucewa ba yana bin tattabara. Saman ya rufta da shi. Ma'aikata suka tsaya salati, Almahdi ya faɗa ciki, ya rungumo yaron da hannu ɗaya ya fito. Yaron ya ƙone a baya. Shi kuwa Almahdi rabin fuskarsa ce ta tafi: kunnen hagu ya manne da wuya, leɓe ya ja sama, haƙora a waje. Barakatu da hannunta ta yi ta kwarara wa bayan yaron ruwan kogi, nata mijin yana kwance a gefe.

Tukuicin da aka ba shi? Da ya warke, mai kamina ya ce masu sayen bulo suna tsoron fuskarsa, ya sallame shi. Suka tattara suka koma Mayo. Daga nan Almahdi bai ƙara fita ba sai da rawani a rufe da fuska, ya ƙone tsofaffin hotunansa, bai kuma yarda an ɗauki sabo ba. Ya rasu 'yarsu Nuha tana rarrafe. Abin da yarinyar ta tashi ta sani kawai shi ne ubanta mutumin kirki ne, don uwar ba ta taɓa ɗauko mata zancen wutar ba.

Nuha ta zama budurwa a lokacin da ciwon littattafan zane ya kama samarin birni. Jarumai ne ƙarti da matsattsen wando, masu tashi sama, masu rufe fuska ba don kunya ba. Yara su wuni suna tada jijiyar wuya kan wa zai kayar da wa, tsakanin mutum biyu da ba a taɓa haifa ba. Barakatu takan leƙa ta yi tsaki. Jarumin kullum kyakkyawa ne, gashi a kwance, ya rushe rabin gari yana dambe, ba a taɓa nuna wanda zai buga bulon sake gina shi ba. Mugun kuwa da gani ba sai an faɗa maka ba: ko tabo, ko ƙusumbi, ko ido ɗaya. Amma ba ta ƙi su ba, tunda duk shekara suna taro kowa ya yi shigar gwaninsa, ita kuma ke ɗinka musu.

Wata shekara aka yi littafin zane na gida, mai suna Shahon Nilu, yara suka haukace a kansa. Nuha ta shigo wa uwarta da littafin tana rawar kai.

"Yumma, shufi, dubi wannan la'anannen! Ƙonanne sunansa. Daga cikin wuta yake fitowa yana sace yara. Wallai ba na iya kallon idonsa, kin ga duk na tsokale su da allurarki. Wani ɗan ajinmu ke son ki ɗinka masa fuskar."

Barakatu ta karɓa. Kunne manne da wuya. Leɓe a sama. A kuncin dama, inda wuta ba ta taɓa ba, ga tsaga uku na dangin Almahdi, ba a rage ko ɗaya ba. Ta juya bangon, ga hoton mai zanen yana murmushi, wuyan riga a ɗaure har maƙoshi, ga sunansa Hamid da na ubansa. Nan take ta gane shi. Yaron da aka ciro daga wuta ya mai da wanda ya ciro shi dodo, har ya sa 'yar mutumin tana tsokale idon ubanta.

"Ba zan ɗinka wannan ba," ta ce. "Amma in mai littafin yana neman tela, ki ce ya zo."

Da ta so, a ranar sai ta zaunar da Nuha ta gaya mata komai, magana ta mutu a ɗaki. Ba ta so ba. A gaban jama'a aka ci mutuncin Almahdi, a gaban jama'a take son a biya. Ta bar ta ciki na ciki.

Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo. Ana gab da taron sai ga Hamid a raksha, babur mai ƙafa uku, tun daga Omdurman, yana son rigar Shaho da zai sa da kansa, mai fukafukai daga wuyan hannu zuwa tsakiyar baya. Bai gane ta ba. Wa ke tuna matar lebura?

"Ɗana, wannan mugun naka, ina ka samo fuskarsa?" ta tambaye shi tana duba tsohuwar rigar da ya kawo ta awo.

Ya yi dariya. "Wani zol ne, wani lebura da ya yi aiki wajen babana, ya Hajja. Ina yaro na sha mafarkinsa. Fuskar ta dace da mugu, kalas, shi ke nan. Labari ne kawai."

"Haka ne," in ji Barakatu. "Yadin nan mai kama jiki ne, kada ka sa singileti a ciki, zai ɓata maka fasali."

Ba ta taɓa yin ɗinki mai kyan wannan ba. Ta bi kowane gashin fiffike da zare mai ruwan zinariya, har idanunta suka yi ja. Tsakiyar baya kaɗai, daga wuya zuwa ƙugu, ta kama da siririn zaren da ake kafa ɗinki da shi kafin a bi da keke, ta kuma rage wa fukafukan tsawo kaɗan. Tana ɗinki tana jin daɗi, ba ta kuwa ji kunyar daɗin ba. Rama cuta ga macuci ibada ne, in ji masu magana, ita kam ta ɗauke su da gaske.

Ranar taro ta yafa sabon tob, mayafin matan Sudan, ta bi Nuha zuwa zauren da masu taron suka kama a tsakiyar Khartoum. Rana na dukan ƙwaƙwalwa, ga jarumai nan suna zufa cikin roba, wani ya ɗage fuskar damisa yana shan ruwan sanyi. Masu fuskar Ƙonanne sun fi a ƙirga, duk inda ta waiga sai ta ga mijinta yana yi wa mutane gwalo. Ta cije leɓe ta zauna a gaba.

Hamid ya hau dandamali, ihu ya kaure. Ya juya wa jama'a baya yadda Shaho ke yi in zai tashi, ya ware hannuwa da ƙarfi. Kyaaat! Rigar ta rabe gida biyu. Ga bayansa a fili, fata a tamuke tun daga kafaɗa, sai wani layi na lafiyayyar fata da ya gitta tsakiya, daidai faɗin damtsen mutum. Dariya ta fara, wayoyi suka tashi sama.

Barakatu ta miƙe. Muryar da ke kiran maƙwabta daga ƙarshen layi ba ta buƙatar lasifika.

"Ku dubi inda bai ƙone ba! Hannun Almahdi ne ya rufe wurin. Shi ya shiga kamina ya ciro wannan butulun, ya bar fuskarsa a ciki. Fuskar da kuka ɗaura kuna wasa da ita, ta mijina ce. Hamid, in ƙarya nake, ka juyo ka ce ƙarya nake!"

Bai juyo ba. Ya tattare fukafukansa ya sulale ta bayan labule.

Masoya ba su da wuyar juyawa. Waɗanda suka yi ta kiran sunansa ɗazu su ne suka bi shi da jifan littattafai, kafin la'asar an gama tsine masa a waya, bai kuma ƙara fitar da zane ba. Sai dai kada a ce sun fahimci wani abu. Tun tana tsaye wasu suka soma gardama ko yanzu Ƙonanne ya fi Shaho ƙarfi, wani ma ya matso da fuskar robar a kansa yana roƙon su ɗauki hoto tare. Ta tofar da yawu ta juya neman 'yarta. Kujerar Nuha ba kowa.

A gida ta same ta zaune a ƙasa, littattafan Shaho baje a gabanta. Barakatu ta riga ta yi niyyar haɗa su duka ta cinna musu ashana. Yarinyar ba ta ɗago ba, buɗe shafuka kawai take, duk inda ta kai idanun Ƙonanne a tsokale suke, aikin hannunta.

"Me ya sa ba ki gaya mini a ɗaki ba, Yumma?"

Barakatu ta zauna a kujerar keke, ashanar na hannunta.

Can Nuha ta sami shafi guda da allura ta tsallake. Ta ɗauki almakashin uwarta ta yanke fuskar a hankali, ta raba ta da wutar da aka zana kewaye da ita, ta manna a bango saman keken ɗinki.

"Haka idonsa yake?"

Barakatu ta matso ta duba. Butulun ya iya zane, wannan kam ba ta hana shi ba.

"Haka yake," ta ce, ta mai da ashanar cikin aljihun keke.