Jan Haƙoran Ya Gumsu

A unguwarsu a Kazaure, abu biyu aka san Ya Gumsu da su: faifan da take saƙawa, da jan haƙoranta. Tana goye iyayenta suka zo da ita daga Borno, kuma tun tana budurwa take goga furen taba da goro, har haƙoran suka yi ja kamar garwashi. In ta yi dariya a gidan biki, mata kan ce, "Barebari dai sun iya ado."

Da shekaru suka tura, haƙoran suka soma girgiɗi. Wanzami ya cire biyu, sauran suka zube da kansu. Daga nan ta koma magana ta bayan mayafi, ta daina shiga taro. Shekara shida ba wanda ya ga cikin bakinta.

Lokacin da arzikin mai ya buɗe, ɗanta Dunoma ya samu aiki a Kano, ya zo ya kai ta wurin likitan haƙori. Aka cusa mata wani abu kamar ƙullu a baki, aka ce ta dawo bayan mako uku. Ita ta ɗauka ƙullun ne maganin. Da ta koma, sai ga haƙora jere, na sama da na ƙasa, farare tas, a tafin hannun wata ma'aikaciya mai suna Priscilla.

"Mama, ki riƙa cire su kafin ki kwanta. Ki wanke da buroshi da sabulu, ki sa a ruwan sanyi, ki kurkure bakinki. Kada su ga ruwan zafi."

Gumsu ta gyaɗa kai, amma hankalinta na wani wuri: wa ya mutu ya bar waɗannan? Sai da Dunoma ya rantse mata a mota cewa roba ce.

Ana haka matar Dunoma ta haihu, aka ce a Kazaure za a yi suna. Gumsu ta ƙudurta cewa ranar za ta sauke mayafi ta yi dariya a gaban mata. Ta fara gwadawa a gaban Dela, maƙwabciyarta.

Dela ta dafe ƙirji. "Gumsu, wa ya rasu?"

"Ban gane ba."

"Tsohuwa da farin haƙori fes, ai sai mai takaba!"

Maganar ta tsaya mata a rai. Ta samo fure ta goga, ruwa ya wanke shi. Ta tauna goro, ɓarɓashinsa ya shige ƙarƙashin robar ya ci mata dasashi, bai bar komai ba sai wani rawaya-rawaya mai kama da dauɗa. Ta yi ta juya su a hannu. Haƙori ne, ga shi ba ya shan fure. Roba ce, ga shi tana tauna tuwo.

Sai sana'arta ta ba ta shawara. Shekara arba'in tana rina kabar faifai, ta san kaba ba ta kama launi sai an tafasa ta da karan dafi da kanwa. Ta tuna gargaɗin Priscilla, ta auna shi. Ai kullum da safe koko mai zafi take sha da haƙoran a bakinta, ba abin da ya same su. Wataƙila yarinyar ba ta iya Hausa sosai ba ne.

Ana gobe suna ta jefa su cikin tukunyar rini. Da ta tsamo su, ba su yi ja ba, sun yi launin ƙasa-ƙasa, na saman kuma ya murɗe kamar ganda a wuta. Ta sa a baki, ya faɗo. Ta sake sawa, ya soke ta.

Da safe Dunoma ya shigo gaisuwa ya tarar da mayafi a bakinta.

"Inna, ina haƙoran?"

Ta kwance haɓar zani ta nuna masa.

"Dafa su kika yi?"

"Rina su na yi."

"Ba an ce kada su ga ruwan zafi ba?"

"To kokon da nake sha, ruwan randa ne?"

Haka ta yi sunan jikanta a lungun ɗaki, ana ta shewa a tsakar gida.

Bayan wata biyu aka yi mata wasu. Ta roƙi Priscilla a ba ta jajaye, Priscilla ta ce ba a yin su. Da fararen ta je wani biki a Roni. Da aka yi abin dariya, ta saki baki ta yi. Mata suka zuba mata ido, wata ta matso ta tambaye ta a ina ake samu. Har ta iso gida ba ta san ko yabo aka yi mata ko ba'a ba, amma da aka gayyace ta suna a Gwiwa, ta riga kowa shiga mota.