Sunan da Inna Dije Ta Ƙi Karantawa

Duk sanda ku masu tasowa a harkar rubutu kuka tambaye ni ranar da ta fi tsaya mini a rai a yawon tallar littafi, ba na dogon tunani. Wata Laraba ce bayan girbi, a wani ƙauye kusa da Ɗanzomo, ranar da na kusa rushe ajin mata talatin da ɗaya da bakina, alhali na je ne in ƙarfafa musu gwiwa.

Bari in fara da yadda nake aikin, don wasunku sun ɗauka da an buga littafi an gama. Wallahi lokacin ma aka fara. Littafi ba shi da ƙafa, in ba ka kai shi ba zai zauna a kwali har gara ta riga mutane karanta shi. Ni malamar firamare ce a Gumel, kuma a nan yankinmu shagon littattafai bai taka kara ya karya ba, sai na koma bin azuzuwan yaƙi da jahilci na mata. Da farko nakan rubuta takardar neman izini zuwa ofishin ilimin manya na ƙaramar hukuma. In an sa hannu, in kira malamar ajin mu tsayar da rana. Ba na yarda da ranar kasuwa. Na taɓa yin wannan wautar a Maigatari ranar Alhamis, na karanta wa benci shafi huɗu. In na isa gari kuma, sai na fara zuwa gaida mai gari kafin in kwance jakata.

Zaman kansa kashi uku ne. In karanta babi ɗaya, sannan ɗaliba ɗaya ta tashi ta karanta shafi guda a gaban 'yan uwanta, daga ƙarshe in sa hannu a littafin duk wadda ta saya, in rubuta sunan da ta faɗa mini. Na biyun nan shi ne zuciyar aikin. In mace ta ga maƙwabciyarta ta karanta littafi na gaske, ba allo ba, ita ma sai ta ce me zai hana ta.

Littafin da nake yawo da shi a lokacin labarin wani manomi ne mai suna Haruna, wanda ya ƙi tafiya ci-rani ya tsaya haƙa wa garinsu rijiya. Malamar ajin, Malama Sa'adatu, ta riga ta gaya mini a waya cewa Inna Dije ce za ta yi karatu. Dattijuwa ce daga gidan makiyaya da suka daɗe da zama suna noma a gefen garin, ta haura sittin. Ita ce ta bi gida-gida ta shawo kan maza suka bar matansu shiga ajin, kuma ita ta fara zama a tabarmar gaba. In ta zo, kowa ya zo.

Na gama nawa karatun lafiya. Na buɗe shafin farko na babi na biyu na miƙa mata. Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ɗora yatsa a kan layi, ta fara a hankali amma ba gargada: “Da gari ya waye...” Sai ta tsaya.

Kalmar da ke gaba ita ce sunan manomin. Na jira kaɗan, shiru. Nan malantar shekara ashirin ta motsa mini. Na ce, “Inna, mai sauƙi ne. Ha, sai ru, sai na.” Ba ta ɗago ba. Malama Sa'adatu ta ja gefen hijabina, na ɗauka tana so in ƙyale tsohuwa ne don tausayi, na fizge. Na je allo na rubuta sunan da alli, ɓaro-ɓaro, na ce ajin duka su faɗa. 'Yan kaɗan suka faɗa ƙasa-ƙasa, wasu 'yan matasa suka rufe baki suna ƙunshe dariya. Maimakon in gane, sai na ƙara da abin da har yau in na tuna nakan ji kamar in nutse. Na ce, “Ki faɗa bayana, Inna. Ai ba kunya a neman ilimi.”

Ta rufe littafin, ta ajiye shi a kan tabarma da hannu biyu. Ta ce ta bar tunkiya ɗaure a rana. Ta sa takalmanta ta fita, mata shida suka bi bayanta.

Sai da aka watse Malama Sa'adatu ta ce, “Malama, sunan ɗanta na fari ke nan. Shekara arba'in da wani abu bai taɓa fitowa daga bakinta ba. Kuma matarsa na zaune a layi na biyu.”

Ba baƙuwar al'adar ba ce ni, a cikinta aka haife ni. Na san uwa irin ta da ba ta kama sunan ɗan fari, balle a gidan makiyaya, balle a gaban suruka. Kawai dai na shiga ajin da idon malama, wadda duk shirun da ta ji sai ta ce rashin sani ne.

Bayan mako guda Malama Sa'adatu ta kira ni. Mata tara ne suka zo aji. Inna Dije ta ce ita da allo sun yi hannun riga, maza kuma suna cewa in karatun nan sa uwa yake ta kama sunan ɗan fari a bainar jama'a, to matansu su zauna a gida. A ƙa'ida, ajin da ya ragu haka na tsawon lokaci rufe shi ake yi, a mayar da malamar wani gari. Na je wurin jami'in da ke kula da azuzuwan na faɗa masa komai, ban ɓoye laifina ba.

Ya ce, “Malama, ƙauye ɗaya ne fa. Mutanen Gagarawa na jiranki. Ki bari ƙura ta lafa.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ni na ɓata, ni zan gyara. A ba ni wata ɗaya kafin a rubuta komai a kan ajin.”

Ya dube ni, ya ce ya ba ni.

Na ɗage tafiyar Gagarawa. Ranar Asabar na hau mota zuwa Sule Tankarkar, daga nan ɗan acaɓa ya ɗauke ni cikin rairayin nan da sai ka sauka ka taka a wasu wuraren. Aka ce Inna ba ta nan. Ga takalmanta a ƙofar ɗaki, ina kallonsu suna kallona. Na ajiye goron da na kawo na juya. Asabar ta biyu ta fito, ta sa aka dama mini fura da nono, muka gaisa har da tambayar shanu da jikoki. Da na ɗauko maganar sai ta ce rana ta yi, kar in rasa abin hawa. A hanyar komawa raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Na ce da kaina, ke Binta, da littafi kika zo ko da bikon tsohuwa? Amma na san in ajin nan ya mutu, ba sunana kaɗai zai ɓaci ba. Duk marubucin da zai zo bayana zai tarar da ƙofa a rufe, matan kuma su koma dangwala yatsa a takarda.

Asabar ta uku ban ɗauki jakar littattafai ba. Na sami Inna a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, na ja kujera 'yar tsugunno na sa hannu. Muka ɓare rabin ƙwarya. Sannan na ce, “Inna, na yi miki laifi a gaban surukarki. Ki yafe mini.”

Ta ci gaba da ɓara. Can ta ce, “Kina da miji?”

“Ina da shi, Inna.”

“Ya sunansa?”

Na buɗe baki, na rufe. Shekara ashirin da biyu ina ce masa Baban Ummi.

Ta ce, “Faɗa mana. Ai ba kunya a neman ilimi.”

Dariya ta ƙwace mini har da hawaye, ita ma ta yi, tana rufe baki da gefen zane. Da muka natsa ta ce, “Ba sa ni faɗa da kika yi ne ya fi yi mini ciwo ba, 'yar nan. Ba ki sani ba ne. Abin da ya ƙona ni, yaran nan sun tafi da cewa na kasa. Ni kuwa na karanta shi tun kafin ki motsa baki. Ita ce kalmar da na fara ganewa a duniya, a jikin katin zaɓensa, ni kaɗai a ɗaki.”

Na tambaye ta me take ce masa. Ta ce Na-Goggo, don yayar mahaifinsa ce ta raine shi. Na ce to littafin nawa ne, ni na raɗa wa manomin suna, kuma na yarda a bakinta ya zama Na-Goggo. Ta ce za ta yi tunani, amma ta cika mini leda da gyaɗa.

Larabar da ta biyo, mata ashirin da shida suka zo. Kafin komai na miƙe na ce, “Wancan karon ba Inna ce ta kasa karatu ba, ni ce na kasa tarbiyya.” Inna Dije ta karɓi littafin ta karanta shafin daga sama har ƙasa. Sau bakwai sunan ya fito, sau bakwai ta ce Na-Goggo ba tare da ta rage sauri ba. Surukarta ce ta fara yin guɗa.

Da aka zo sa hannu, Inna ta kwance bakin zane ta sayi guda, ta ce na ɗanta ne. Don sabo, saura kaɗan in ce sunan wa zan rubuta. Allah Ya taimake ni na haɗiye. Na juya littafin ya fuskance ta, na miƙa mata biro.

Ta daɗe tana kallon farar takardar. Sannan ta sunkuya ta rubuta, harafi bayan harafi, tana dannawa har biron ya kusa huda shafin: Haruna. Ta zuba masa ido, ta shafa shi da babban yatsa. Ta ce, “Baki dai bai faɗa ba.” Ni kuma na sa hannuna a ƙasan nata, ƙarami.

Ba a rufe ajin ba. Abin da na ɗauka daga wannan rana shi ne, aikinmu ba kai wa jahilai haske ba ne kamar yadda wasunmu ke hura hanci. Mutanen da muke karanta wa suna da abin da suka sani da abin da suke kiyayewa, kuma ba duk wanda ya yi shiru ne ya kasa ba. Yanzu kafin in shiga kowane aji nakan zauna da malamar in jera mata sunayen da ke cikin littafin, in tambaya ko akwai wanda ya yi wa mai karatu nauyi. Wurin sa hannu kuma na daina tambayar suna. Cewa nake, “Ni zan rubuta, ko ke?” Za ku yi mamakin yawan tsofaffin da ke miƙo hannu su karɓi biron.