Igiyar Fito

Ina shekara ta uku ina aikin tafinta a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Marylebone aka kawo wani Sajan soja daga gida. Ba aikin nan ne ya kawo ni Landan ba. Maigidana ne ya sami aiki a gidan rediyo, na biyo shi da takardar shaidata ta aikin jinya, muka kama ɗaki biyu a Plumstead. To, shekarun nan ne man fetur ya buɗe wa mutanenmu ido. Kowane jirgi sai ya sauke marasa lafiya, wasu na gaske, wasu kuwa ciwon kai ne kawai da sha'awar kantuna. Alhaji zai zo a duba masa gwiwa, ya koma da akwati bakwai, gwiwar tana nan yadda ya zo da ita. Likitoci ba sa jin Hausa, alhazai ba sa jin likitoci, sai aka ce in zo in tsaya a tsakani.

Ina da wata buƙata tawa da ban taɓa gaya wa kowa a asibitin ba. Duk sojan da ya shigo, babba ko ƙarami, sai na bi ta bayan gida na tambaye shi inda ya yi yaƙin basasa. Yayana ya shiga soja ana gab da fara yaƙin. Wasiƙarsa ta ƙarshe daga Ikko ta zo, yana cewa an ce za a zuba su a jirgin ruwa. Daga baya muka ji tsibirin Bonny aka kai su. Sai kuma takarda ta iso cewa ba a gan shi ba. Babu gawa, babu kaya, babu wanda ya ce ya ga faɗuwarsa.

Inna ta ƙi yarda a yi zaman makoki. Hujjarta ɗaya ce, kuma ba ta taɓa sauya ta ba: in bindiga ce da an ga gawarsa, in kuwa ruwa ne, ɗan mai fito ba zai mutu a ruwa ba. Shekara takwas duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai ta miƙe. Sau biyu ina nema mata kujerar Makka tana ƙi, wai kada ya dawo ya tarar ba ta nan. Tana tsufa a bakin ƙofa, ni kuma ina ƙasar wasu ina jin haushinta, ina jin tausayinta, ban san wanda ya fi yawa ba.

Babanmu mai fito ne a kogin garinmu. In ruwa ya kawo iya ƙirji da damina, yana da wata doguwar igiyar rama da yake ɗaura wa mutane a ƙugu, ɗaya bayan ɗaya. Bakin igiyar yana ɗaure a gindin tsamiyar da ke gaɓa, wani yana sakinta kaɗan-kaɗan. Mai fito a baya yake shiga don ya riƙa ganin kowa, kuma Baba ya hore wa Yaya cewa ba ya kwance kansa sai na ƙarshe ya taka ƙasa. Da igiyar nan Yaya ya riƙa tsallakar da ni zuwa makaranta. Yana ɗaure ni tamau har in yi ta masifa, ya ce in yi shiru, ai ba ɗaurin aure ba ne, ana tsallakawa zai kwance.

Sajan ɗin dogo ne, baƙi, mutumin wajen Gumel. Wani ɗan guntun ƙarfe ne ya zauna masa a bayan idon hagu tun lokacin yaƙi, tsohon maigidansa na soja, wanda ya zama babban mutum, ya turo shi a cire. Ba ruwansa da kantuna. Direban da ya ɗauko shi ya ba ni labari yana dariya, wai da suka hau gadar kogi sai Sajan ya rufe idon mai lafiyar har suka sauka.

Ranar da za a ɗauki hoton cikin idonsa na ba shi rigar asibiti, irin mai igiya a baya. Na zagaya zan ɗaura masa, sai ya zabura ya riƙe hannuna.

Ya ce, "Sista, bar shi. Ni zan ɗaura da kaina."

Na ce, "Sajan, appointment ɗinka ƙarfe goma ne, mutanen nan ba sa jira. Soja guda yana tsoron igiyar riga?"

Ya ce, "Ba na son wani ya ɗaura mini abu a ƙugu. Sau ɗaya aka taɓa yi mini."

Na bari aka gama hoton, na raka shi ɗakinsa, na haɗa masa shayi, na ja kujera. Na ce ya ba ni labarin sau ɗayan nan.

Ya ce su biyar ne 'yan Arewa da suke cin abinci kwano ɗaya. Huɗu daga cikinsu ba su taɓa ganin ruwan da ya wuce kududdufi ba. A cikin jirgi babu abin da suke yi sai amai da salati. Kowa yana da layar ƙarfe a damtse, amma babu wanda ya yi tunanin neman ta ruwa, don wa ya taɓa jin an tafi yaƙi a cikin ruwa? Da gari ya waye aka sauya su zuwa ƙaramin jirgi mai ƙofa a gaba, aka ce in ƙofar ta faɗi kowa ya diro ya nufi tudu. Sai na biyar ɗinsu, wani yaro mai wushirya, ya ga yadda jikinsu ke ɓari. Ya samo igiya a ƙasan jirgin, ya ce su kwantar da hankalinsu, a garinsu haka ake yi, babansa mai fito ne. Ya ɗaure su ɗaya bayan ɗaya, ya sa Sajan a gaba don shi ne dogo, shi kuma ya ɗaure kansa a baya.

Na tambaye shi sunan garin yaron. Ya faɗi sunan garinmu daidai, har da yadda muke jan ƙarshensa.

Bai lura da fuskata ba, idonsa yana cikin kofin shayi. Ya ce ƙofar ta faɗi inda ruwa ke da zurfi. Ga bindiga, ga harsashi, ga takalma, ga jaka a baya. Shi da yake dogo ne ya yi ta fafutuka har yatsun ƙafarsa suka taɓa yashi. Ukun da ke tsakiya kuwa suka nutse gaba ɗaya. Ya waiga ya ga yaron ya ja numfashi ya bi su ƙasa. Sai igiyar ta fara jansa baya, ruwa ya kawo masa baki, ya kawo masa hanci.

Ya ce, "Sista, a garinsu ya ce akwai itacen da ake ɗaura bakin igiyar. A teku babu itace. Ni ne nake tsaye a ƙasa, ni ya kamata in zama itacen. Na zaro wuƙar bindigata na yanke."

Bai gaya wa kowa ba. Da aka yi ƙidaya da yamma aka rasa mutum huɗu, aka tambaya, ya yi shiru. Aka rubuta ba a gan su ba.

Na ce, "Yayana ne."

Ya dube ni da idon nan ɗaya. Sai ya ajiye kofin, ya sauko daga gado ya tsuguna a gabana, babban mutum da furfura a gemu. Ya ce, "Don girman Allah, 'yar'uwa, ki yafe mini."

Ni kuwa tun ina ƙarama an san ni da zafin kai, kuma ranar nan ban rage komai ba. Na ce yankan igiyar ban san hukuncinsa ba, amma shirun fa? Shekara takwas tsohuwa tana tashi wa kowace mota, shi yana nan yana ƙara igiyar muƙami a kafaɗa. Na ce ya zo Landan neman ido ɗaya, mu wa zai ba mu ko ƙashi ɗaya mu binne? Na ce masa Allah ya isa. Da bakina na faɗa, har sau biyu. Na fita na ce wa shugabar ma'aikatan jinya a sauya ni, aka ba shi wata 'yar Gana mai Hausar zango.

A gida na yi kukan da ban yi ba shekara takwas. Maigidana ya bari na gama, sannan ya ce, "Kin samu abin da kike nema. Amma in kika rubuta wa Inna, za ta ce ke kika shirya don ta tafi Makka. Sai ta ji da kunnenta." Ya miƙo mini rikodarsa ta aiki da sabon kaset. A lokacin nan da kaset muke gaisawa da iyayenmu, tunda ba karatun boko suke yi ba.

Kwana biyu bayan an yi masa aiki na shiga ɗakinsa. Rabin fuskarsa a naɗe da bandeji. Ban gaishe shi ba. Na ajiye rikodar a kan gado, na danna, na ce, "Ga mahaifiyarsa nan. Faɗa mata." Na juya na fuskanci taga ina kallon bas-bas suna wucewa.

Ya yi sallama, ya kira ta Inna kamar ya san ta. Ya faɗi komai yadda ya faɗa mini, bai gyara wa kansa ko kalma ɗaya ba. Ya ƙara da cewa tun a jirgi yaron yake ta ba su labarin dambun da take yi. A ƙarshe ya roƙi gafara. Na kashe.

Zan fita ya miƙo mini wata 'yar takarda da ya sa aka rubuta masa, sunan barikinsu da lambarsa ta soja. Ya ce, "In ta ba da amsa, ko wace iri ce, ki taimaka ki aiko mini." Na karɓa na fita. Ina isa tashar jirgin ƙasa na yayyage ta na zuba a kwandon shara. Ban ko duba abin da ke ciki ba. Na ji daɗin yin haka, ba zan ɓoye ba.

Wani ɗalibi mai komawa Kano ya tafi da kaset ɗin. Sajan ya warke aka mayar da shi gida. Wata biyu shiru, ina ta zullumi ko na kashe tsohuwa da hannuna. Sai wata Asabar da hantsi wani baƙo ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da ƙullin daddawa da kaset a ciki.

Muryar Inna ta fito tare da kukan kaji da bugun turmi. Ta gaishe ni, ta gaida maigidana, ta tambayi sanyi. Ta ce ta ji saƙo, sau uku aka juya mata. An tara malamai an yi wa Yaya salla da addu'a, an yi sadaka, ta rabar da kayansa. Ta ce in kujerar nan tana nan, bana za ta tafi.

Ta ce, "Na san ki, na san abin da kika gaya wa bawan Allah nan ko ba a faɗa mini ba. To saurara. Yayanki ma yana da wuƙa a jikinsa. Kuma ɗaurin da babanku ya koya masa, ja ɗaya ake yi ya kwance. Bai kwance ba, don aikin gidansu ke nan. Wancan kuwa ba ɗan mai fito ba ne, bai taɓa ganin ruwa ba, ɗana ne ya ɗaure shi. Ki ce masa na yafe masa duniya da lahira, har shirun da ya yi. Ki tabbata kin gaya masa, kada ki bar shi da wannan kaya."

Ranar Litinin tun kafin a buɗe ofis ina asibiti. Abin da ke cikin fayil ɗinsa sunan otal ɗin da maigidansa ya kama masa ne kawai. Sunansa kuwa irin wanda za ka kira a kasuwa mutum goma su waiga ne. 'Yar Ganar ta ce ita ta rubuta masa takardar, amma ba ta riƙe ko sunan barikin ba. Na rubuta wasiƙu zuwa barikoki uku bisa cinke. Ɗaya ta dawo, biyu ko ɗuriyarsu. A lokacin ana ta sallamar sojoji, kowa ya kama gabansa. Na ci gaba da tambayar duk sojan da ya shigo asibitin, sai dai yanzu wani mutum dabam nake nema.

Da Inna ta dawo daga Makka na je gida. Ta yi ƙiba, ta sa haƙorin Makka, mota ta tsaya a ƙofar gida ko waigawa ba ta yi ba. Muna zaune tana tsince mini shinkafa, ba tare da ta ɗago ba ta ce, "Kin gaya wa mutumin nan?"

Na ce, "Na gaya masa, Inna."

Ta ce, "Madalla. Me ya ce?"

Na ce, "Ya yi kuka, ya yi godiya."

Ta gyaɗa kai ta ci gaba da tsintarta. Har ta rasu ba ta sake tambaya ba. Kaset ɗin yana nan cikin akwatina, na sa an juya shi a sabon kaset sau biyu don kada muryar ta lalace. In Sajan yana raye yanzu ya tsufa ƙwarai, kuma maganar ƙarshe da ya ji daga gidanmu ita ce tawa.