Inna Shatu da Rigar Hashimu

Ga ta nan, ga ta nanku.

Na ji kun ce ta zo mu ji ta. To ta zo, sai dai babu kura babu zomo a cikinta. Wadda zan ba ku labarinta tana nan da ranta a Bazaga, yanzu haka ma in kun leƙa za ku iske ta a gindin itacen bedin ƙofar gidanta tana shafa wa gwiwa man zafi. Sunanta Shatu. Mu da muka taso tare muna kiran ta haka, sauran gari kuwa Inna Shatu.

Shekara talatin da wani abu, duk sa'ad da hatsi ya fara ƙosawa, aikinta guda ne. Da hantsi ta aza tsohuwar tasa a ka ta bi gida-gida, ba ta roƙon tsaba ba ta roƙon tuwo, abin da aka gaji da shi take nema. Fasasshiyar ƙwarya, jarkar da ta huje, sangen da sauro ya riga ya san ƙofofinsa, takalmi wari guda, gwangwanin tumatir, buhun siminti da masu zuwa kamfaninsa na Malbaza ke yarwa. In ta dawo sai ta baje su ta zauna. Ta kife ƙwarya bisa sanda, ta ƙona mata idanu biyu da ƙusa mai zafi, ta zagaye su da gawayi, ta jera mata haƙoran masara. Ta warware buhu ya zama suma har kafaɗa. Ta zuba tsakuwa cikin gwangwanaye ta rataya a hannuwa, yadda iska na taɓawa za su yi ta ƙara. Kafin la'asar mutum-mutumi ya miƙe tsaye, wanda ko kai da ka ba da tsumman ba ka son haɗa ido da shi. Ana kai shi gona ya yi gadin tsuntsu.

Kada ku ce wasan yara ne. Hamani mai amalanke ya rantse mini cewa ya taɓa yi wa ɗaya sallama sau uku, da bai amsa ba ya zage shi ya wuce, sai da ya kai gida aka gaya masa da wa ya yi faɗa.

Amma sirrin aikin ba a fuska yake ba. Shatu ta ce jan-baki, tsuntsayen nan masu sauka kamar hayaƙi su share gona kafin a gama dama fura, ba wawaye ba ne. Kwana uku suke ba dodo. In ya kwana uku wuri guda bai motsa ba, ran na huɗu bisa kansa za su zauna su yi kashi. Don haka sai an riƙa sauya masa wuri kowace safiya, yau gabas gobe yamma, yau hannu sama gobe hannu ƙasa. Tana gaya wa duk wanda ya karɓa, amma mutanenmu sai su kafa shi su manta, in tsuntsu ya ci su ce aikin tsohuwa ya lalace. Shi ya sa kusan babu wanda ya san dodon Shatu na tafiya. Wannan rashin sanin ne ya kusa kashe mu da tsoro, shekara huɗu da suka wuce.

A daminar shekarar maƙwabcinmu Hashimu ya rasu, ana gama maimai, wato noma na biyu. Zazzaɓin kwana biyar ne. Ya bar matarsa Basira da 'ya'ya mata uku, babbar ba ta kai ta ɗauki tulu ba. Ya bar gona guda, can ƙarshen gari bakin fadama, daidai inda itatuwan da jan-baki ke kwana suke. Abin da ke cikin gonar nan shi ne tuwonsu na shekara, ba su da wani. Basira tana takaba, ba ta fita. Ƙanen mijin, Ado, yana kabu-kabu da babur a Konni, ya aiko cewa zai zo ya duba, kuma bai zo ba. Mu maƙwabta kowa na fama da tasa gonar. Ba zan ɓoye muku ba, har da ni, mun yi gaisuwa mun ci gumba mun koma gida, babu wanda ya tuna da gonar.

Shatu ta tuna. Lokacin kuma ta riga ta rabar da duk dodannin shekarar, babu sauran babban tsumma a hannunta. Da aka raba kayan mamaci sadaka, masu kyau sun tafi ga dangi. Rigar da yake noma da ita, shuɗiya mai jan faci a baya, da malafarsa mai karyayyen baki, babu mai so, suka faɗo tasar Shatu. Ta je ta tsaya jikin darni ta tambayi Basira ko za ta yarda a sa su. Basira ta ce, «Inna, cikin gonar nan rigar ta tsufa. Ki bar ta ta ƙarasa aikinta.»

Su biyu kaɗai suka san zancen.

Talatu mai fura ce ta fara gani. Ta biyo hanyar fadama da hantsi za ta kai wa masu aiki, ta ɗaga kai, ga Hashimu tsaye cikin hatsinsa, ya ba ta baya, jan facin nan na kallon ta. Ba ta yi ihu ba. Ta aje ƙwaryar a ƙasa a hankali, ta juyo, ta iso gari babu takalmi babu murya. Sai da aka shafa mata ruwa ta iya faɗi. Maza suka yi mata dariya, suka ce rana ce ta buge ta. Washegari mutum biyar suka je inda ta nuna, kusa da tsamiya. Babu kowa. Suna shirin komowa su ƙara mata dariya sai ɗayansu ya waiga, ga shi can ɗaya ƙarshen gonar, ya ɗaga hannu guda sama. Babu wanda ya matsa. Kowa ya san da a ce abin da aka kafa ne, inda aka gan shi jiya nan za a iske shi yau.

Ran na uku an gan shi da hauya a kafaɗa. Na gan shi da idona daga nesa, kuma na rasa dalilin da ya sa ban tuna da Shatu ba, ni da nake zama kusa da ita tana aikin. Rigar ce ta rufe mana tunani. Mun san ta a jikin mutum guda shekara goma, kafaɗarta ta hagu ma ta zube yadda tasa take zubewa. Mata suka daina zuwa itace ta wajen. Wasu suka je kushewa suka duba, ƙayar da aka rufe ta da ita na nan ba a taɓa ba, abin ya ƙara ruɗa su. Nafi'u, mai gonar da ke maƙwabtaka, wanda ashe ya ɗan matsa da iyaka bayan rasuwar, da kansa ya je ƙofar Basira ya faɗa, ba wanda ya tambaye shi. Ita kuwa tana cikin ɗaki, mata na shigowa suna sassauta murya, babu mai ƙarfin halin gaya mata cewa an ga mijinta. Da an gaya mata, da zancen ya mutu a ranar.

Labari ya kai Konni. Ado ya iso bisa babur ran na shida, idanunsa ja. Ya wuce wurin limaminmu, Malam Isma'il. Malam ya ce wanda aka binne ba ya komowa, wannan ba abin gardama ba ne, kuma gobe in an sallame asuba shi zai shige gaba a je a gani.

Suka tafi su goma sha biyu, gari ya fara haske. Hatsin Hashimu a shekarar ya fi mutum tsawo. Suna isa bakin gona suka tsaya suna neman shuɗiyar riga. Suka gan ta. Ba tsaye take ba. Hashimu na kwance a iska bisa kan zangarniya, malafa gaba ƙafafu baya, yana tahowa wajensu sannu-sannu, gwangwanaye na kuka. Hamani ya ce shi bai san sa'ad da ya tsallake ƙayar shinge ba. Wasu mutum tara suka watse, wani ya bar takalmi wani ya bar carbi. Ado ya durƙushe yana kiran sunan yayansa. Malam bai gudu ba, ko da yake daga baya ya ce kada a yaba masa, ƙafafun ne suka ƙi.

Hatsi ya buɗe, sai ga Shatu, gajeruwa kamar turmi, raɓa ta jiƙa ta har wuya, ta aza abin bisa kai yadda ake ɗaukar itace. Ta dube su ta ce, «Allah gafarta Malam, ina kwana. Lafiya da sassafe haka?»

 Da Ado ya gane ƙwarya ce cikin rigar yayansa, tsoron ya juye ya zama fushi. Ya ce an wulakanta mamaci, an mai da ɗan'uwansa abin tsorata tsuntsu, kuma yanzu-yanzu zai cinna wa abin wuta. Waɗanda suka gudu suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, kunya ta sa su ma suka goyi bayansa. Shatu ta sauke kayanta ta jingine, ta bari ya gama. Sannan ta nuna masa itatuwan fadama, inda jan-baki suka fara tashi suna rufe sama, ta ce saura kwana tara a yi girbi, in gonar ta yini guda babu mai tsayuwa, ba za a sami abin cika ƙwarya ba.

Malam ya ce ba ta yi haramun ba, tunda mai ɗakin ta yarda, amma rigar ta tayar da hankalin gari ta kuma sosa zuciyar dangi, a cire ta ya fi.

Shatu ta ce, «Na ji, Malam, a cire. Ado, ɗana, zo ka tuɓe wa yayanka da hannunka. Amma kwana shida ke nan rigar ga na zuwa gona kullum, kai yau ka zo. In ta tafi gida, wa za ya tsaya?»

 Ado ya je ya kwance rigar a hankali, ya ninke ta, ya rungume. Da ya juyo hawaye ne a fuskarsa. Sai ya tuɓe tasa, rigar nan ta 'yan kabu-kabu mai lamba a baya, ya sa wa sandar. Malam ya aika gida aka ɗauko tsohuwar jallabiyarsa. Nafi'u ya kawo riga biyu, wasu ma suka kawo nasu. Kafin azahar Shatu ta tsayar da dodanni bakwai a gonar, ta nuna wa maza yadda ake sauya musu wuri, wannan karon kuwa sun saurara. Ado ya jingine babur ya kwana tara a Bazaga, yana fita da gwangwani da majajjawa tun safe har tsuntsu ya koma itace. Da aka yi girbi, dami sittin da uku aka kai rumbun Basira.

Shatu, ke ce kika tuna da gonar da duk muka manta. Ke ce kika riƙa ratsa raɓa da tsofaffin gwiwoyi kina ɗauke da abin da maza goma sha biyu suka kasa kallo, ba don za a ba ki ko tiya guda ta hatsi ba. Ba ki taɓa ba da labarin nan da bakinki ba, ko a gidan biki aka tsokane ki sai ki ce ke dai tsumma kike tsinta. Mai tsinto abin yarwa ta tsare abin ci. Shekara talatin muna cin tuwon da kika yi wa gadi muna ce da ke mai wasa da ƙwarya. Ki yafe mana, mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya sassauta miki ciwon nan.

Bana ta ce ta aje, ƙafa ba ta kai ta gona. Shi ya sa na ce bari in faɗa tun tana ji da kunnenta. Ku kuma masu sauran ƙarfi, in an yi rasuwa a unguwarku da damina, bayan kun gama gaisuwa ku tambaya ina gonar take, wa ke zuwa. In kuna da tsohuwar riga ku kai, in kuna da ƙafa ku je da kanku. Matan da ke son koyon aikin su same ta da la'asar, hannunta bai gaji ba, kuma ba ta ɓoye wa kowa komai.

Basira ta fita takaba lafiya, tana noma gonar har yau, 'ya'yan uku duk suna lakwal suna karatun boko. Ado ya koma kabu-kabunsa a Konni, amma kowace kaka yana zuwa ya yi mako biyu. Nafi'u ya mai da iyaka inda take. Talatu na nan na sai da fura, sai dai ta sauya hanya, ba ta ƙara bin fadama ba. Malam Isma'il na nan na jan salla. Rigar Hashimu kuwa an wanke ta, tana cikin akwatin Basira.